Tambaya da Amsa: Azumin Ibada, Azumin 'Yan Hindu da Azumin Neman Lafiya

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan azumi. Amsoshin fiƙihu mun ɗora su a kan mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, inda kuma aka yi saɓani za mu ambata. Abin da ya shafi magani bayani ne na gaba ɗaya, kada kowa ya sauya awon maganinsa sai ya zauna da likitan da ya rubuta masa shi.

Assalamu alaikum. Ina karatu a Bangalore. Abokin ɗakina ɗan Hindu ne, sau biyu a wata yakan ce yana azumi, amma sai in gan shi da ayaba da madara, wani lokaci har da soyayyen dankali. Wane irin azumi ne wannan? Idan ya miƙo mini abincin zan iya ci? — Ɗalibi, Indiya

Wa alaikumus salam. Abokinka ba wasa yake yi ba, a ma'aunin addininsa azumi yake yi. Mu abin da aka ƙayyade mana lokaci ne: daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana babu ci, babu sha, babu kusantar iyali, rana na faɗuwa kuma duk abin da yake halal ya dawo hannunka. Su kuwa yawancin azuminsu a kan irin abincin yake, wane za a bari, wane za a ci.

Wanda ka gani sau biyu a wata shi ne Ekadashi. Kalandarsu tana raba wata gida biyu, kwanakin da wata ke cika da kwanakin da yake raguwa, ranar sha ɗaya ta kowane rabi ita ce Ekadashi, wato kusan sau 24 a shekara. Masu bautar Vishnu ne suka fi riƙe ta. A ranar ana barin hatsi da dangin wake, shinkafa ce kan gaba wajen hani, sai alkama. Ana farawa da fitowar rana, ba a buɗe baki sai washegari bayan rana ta sake fitowa. Tsananin ya danganta da abin da mutum ya ɗaukar wa kansa. Wani 'ya'yan itace da madara kawai zai taɓa, wani ruwa kaɗai, wani ya ci sau ɗaya a yini. Mafi tsanani shi ne wanda suke kira nirjala, ba ci ba sha ko ɗigon ruwa, kuma akwai Ekadashi guda a shekara da aka keɓe masa, tana faɗowa tsakanin Mayu da Yuni, lokacin da zafin arewacin Indiya yake ganiyarsa.

Za ka kuma ci karo da Navratri, darare tara, wanda babbansa ke zuwa tsakanin Satumba da Oktoba, ɗayan kuma tsakanin Maris da Afrilu. A kwanakin nan masu azumi ba sa cin nama, albasa da tafarnuwa, ba sa shan giya, gishirin ma na dutse suke sawa maimakon wanda aka saba. Abincin da za ka fi gani shi ne sabudana, wasu ƙananan ƙwallaye farare da ake yi da sitacin rogo, a jiƙa su su yi laushi, a soya da gyaɗa da dankali. Akwai kuma garin 'ya'yan wani nau'in alayyafo da suke waina da shi. A arewacin ƙasar matan aure suna yin Karva Chauth, ba ci ba sha daga fitowar rana har sai sun ga wata da dare, da niyyar roƙa wa miji tsawon rai. A jihar Bihar, masu bikin Chhath suna kai kimanin awa 36 ba ruwa. Babu wata guda da aka wajabta wa kowa da kowa kamar Ramadan, galibi alwashi ne da al'adar gida, shi ya sa za ka ga mutum biyu 'yan addini ɗaya kowa da irin nasa.

Game da abincin: ayaba, madara, dankali, gyaɗa da rogo duk halal ne, ka ci ka yi godiya, kai ma ka miƙa masa dabino idan za ka sha ruwa. Abin da za ka ƙaurace wa shi ne wanda suke kira prasad, abincin da aka fara gabatar wa abin bautarsu kafin a raba. Ka tambaya cikin ladabi, idan shi ne ka ba da uzurinka, sun san Musulmi ba sa ci. Haka kuma ba a taya su azumin da sunan ibada. In kana da ciwon suga ka yi hattara da sabudana, kusan zallar sitaci ne, yana ɗaga suga da sauri.

Ina da ƙiba, an ba ni shawarar azumin awa 16. Shin zan iya haɗa shi da azumin Litinin da Alhamis in samu lada? Kuma me ya sa nake ƙara ƙiba a Ramadan maimakon in rage? — Wata uwargida, Kaduna

Hajiya, abubuwa biyu ne daban. A tsarin awa 16 ana cin abinci ne a cikin awa takwas, misali daga ƙarfe goma na safe zuwa shida na yamma, sauran lokacin kuma ana shan ruwa da shayi marar sukari yadda aka ga dama. Wannan ba azumi ba ne a shari'a, domin kurɓin ruwa ɗaya da rana ya rushe azumi. Akwai kuma tsarin kwana biyar da biyu, wanda likitan Birtaniya Michael Mosley ya yaɗa ta wani shiri na BBC a 2012: kwana biyar a ci yadda aka saba, kwana biyu a tsaya a kalori 500 ga mace, 600 ga namiji. Wannan ne ya fi kusa da Litinin da Alhamis, idan kin kula da abin da kike ci da sahur da buɗa baki.

Ta fuskar niyya, Imam Ƙarafi, ɗaya daga manyan malaman Malikiyya, ya yi bayanin cewa wanda ya yi azumi don Allah kuma yana fatan jikinsa ya yi lafiya bai yi riya ba, azuminsa ya inganta, domin Annabi (SAW) da kansa ya umarci saurayin da bai samu halin aure ba da ya riƙi azumi. Sharaɗin shi ne neman yardar Allah ya zama shi ne asali. Ki ƙulla niyya tun da dare, domin a Malikiyya ko nafila ba a ɗaukar ta da rana. Ki fara da ramuwar da ake bin ki, kuma idan maigida yana gari ki nemi izininsa kafin nafila. Maganar nan da ake yawan kawowa, "ku yi azumi ku samu lafiya", malaman hadisi sun raunana ta, kada ki ɗora hujja a kanta.

Abin da ke faruwa a jiki kuwa, hanta tana ajiye suga kimanin giram 100. Bayan awa goma zuwa sha biyu ba abinci ajiyar tana ja baya, jiki ya ƙara karkata ga ƙona kitse. Amma wannan bai isa ba idan abin da aka ci da dare ya mayar da abin da aka ƙona har ya yi rara. A wani bincike da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, an bi mutum 139 tsawon shekara guda, duk an rage musu abinci, rabinsu kuma aka ƙayyade musu lokacin ci. Ba a samu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba. Yawan abin da ya shiga ciki shi ne magana, ƙayyade lokaci dabara ce kawai ta rage shi.

Ki duba faifan buɗa bakinki. Kowane ƙaramin cokali na sukari a kunu ko zoɓo kalori 16 ne, kuma da wuya a tsaya a uku. Robar lemo mai santilita 50 tana iya ɗaukar cokali goma ko fiye. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne, ƙosai da soyayyar doya kuwa shan mai suke yi. Ki fara da dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, ki tashi ki yi magariba, sannan ki dawo. Rabin faranti ya zama ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama ba da ƙuli mai yawa ba, kwata kifi, ƙwai ko wake, kwata tuwo ko shinkafa. Alale ya maye gurbin ƙosai a yawancin ranaku. Rabin kilo a mako ya wadatar, ramewa da sauri tana jawo tsakuwar matsarmama. Mai ciki, mai shayarwa da mai allurar insulin kada su shiga wannan tsari.

Mahaifina yana da ciwon suga, yana shan Daonil da metformin. Bara ya yanke jiki ya faɗi dab da la'asar, amma ya ce shi bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, ba zai fara yanzu ba. Yaya za mu yi? — Wani mai karatu, Gusau

Allah ya ba Baba lafiya. Wannan tambaya ce ta rai da mutuwa, don haka za mu tsaya a kanta.

Abin da ya same shi, bisa dukkan alamu, faɗuwar suga ne. Daonil, wato glibenclamide, yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma aikinsa yana daɗewa, musamman a jikin dattijo ko mai raunin ƙoda. Wanda ya sha shi da sahur, zuwa la'asar abincin ya ƙare amma maganin yana nan yana aiki. Babban binciken EPIDIAR, wanda ya duba masu ciwon suga sama da dubu goma sha biyu a ƙasashe 13 aka wallafa a 2004, ya nuna cewa mummunar faɗuwar suga ta ninka kusan sau bakwai da rabi a Ramadan ga masu nau'i na biyu, irin wanda manya suka fi yi.

Ku kai shi asibiti mako shida zuwa takwas kafin azumi, wato tun cikin Rajab. A gwada sugan wata uku da aikin ƙoda, a gaya wa likita maganar faɗuwar bara ba tare da ɓoye komai ba. Likita zai duba ko ya halatta ya ɗauki azumi ma. Waɗanda ake ba shawarar su ajiye sun haɗa da wanda suga ya faɗi masa sosai ko ya kai shi suma a watannin kusa, wanda ba ya jin alamar faɗuwar suga, mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, mai nau'i na ɗaya da sugansa bai daidaita ba, da mai ciki da ke kan insulin. Idan an yarje masa, yawanci akan canza glibenclamide da wanda ya fi sauƙin haɗari kamar gliclazide, a mayar da babban awon zuwa buɗa baki, a rage na sahur. Metformin ba kasafai yake kayar da suga shi kaɗai ba, ana raba shi ne tsakanin shan ruwa da sahur, mafi yawa da shan ruwa. Masu insulin mai dogon aiki akan rage musu kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Duk wannan aikin likita ne.

A gida ku tanadi na'urar gwaji da isassun tsinkayenta. Huda yatsa ba ya karya azumi. A gwada da hantsi, da azahar, da la'asar, da dab da magariba, da awa biyu bayan buɗa baki, da duk lokacin da ya ji ba daidai ba. Ƙa'idar da ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta fitar a fili take: idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a karya azumi nan take ko saura minti goma a kira salla. Haka idan ta haura 300, ko 16.6. Alamun faɗuwa su ne karkarwa, gumi mai sanyi, bugun ƙirji, jiri, gani dishi-dishi, faɗa ba dalili ko magana ba kan gado. A ba shi ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ko rabin kofin lemo, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita, in ya haura a bi da abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Wanda glibenclamide ya kayar, sugansa yana iya sake faɗuwa bayan ya farfaɗo, don haka ko ya miƙe a kai shi a duba.

Sahur ya jinkirta shi zuwa dab da alfijir, ya ci abin da ke daɗewa a ciki, kamar wake, alale, ƙwai, tuwon dawa ko acca da miyar ganye. Koko da sukari ko farin burodi da shayi suna ɗaga suga da asuba su sake shi da hantsi.

Sai maganar zuciyarsa, wadda ita ce mai wuyar. Kada ku yi masa gardama a matsayin 'ya'ya, ku nemi malamin da yake jin maganarsa ya zauna da shi. Ayar da ta wajabta azumin watan, ta 185 a Suratul Baƙara, ita ce ta ce wanda ba shi da lafiya ko yake kan tafiya ya rama a wasu kwanaki, ta kuma ce Allah sauƙi yake nufi da ku, ba ya nufin tsanani. A Malikiyya, wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, ajiye azumi wajibi ne a kansa. Idan ciwon na warkewa ne ya rama, in ya ga dama a kwanakin sanyi. Idan likita ya ce ba zai iya ba har abada, ya ciyar da miskini mudun Nabi ɗaya na abincin gari a madadin kowace rana, wato cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Malikiyya suna ɗaukar wannan ciyarwa mustahabbi, wasu mazhabobi wajibi, fita daga saɓani shi ne ya ciyar.

Allura, ƙarin ruwa da maganin ɗigawa a ido suna karya azumi? — Ma'aikaciyar jinya, Maraɗi

Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani a tsoka, ƙarƙashin fata ko jijiya ba ta karya azumi, haka iskar oksijin da ƙwayar ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe matuƙar ba a haɗiye ba. Insulin yana cikin wannan. Ƙarin ruwa da ke tsaya wa mutum a matsayin ci da sha yana karyawa, kuma wanda ya kai ga buƙatarsa dama mara lafiya ne, ramuwa kawai zai yi, babu kaffara. Ɗigon ido majalisar ta ce ba ya karyawa, amma a Malikiyya idan ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro sai an rama. Dabarar ita ce a danne kusurwar ido ta wajen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu bayan an ɗiga, hanyar da yake bi ya sauka ke nan. Masu hawan ido kada su daina maganinsu saboda azumi, ganin da ya tafi ba ya dawowa.

Na ga ana yaɗa cewa kwana uku ba ci ba sha yana wanke jiki har ya kashe ƙwayoyin cutar kansa, wato ciwon daji, wai wani ɗan Japan ya samu kyautar Nobel a kan haka. Gaskiya ne? — Wani matashi, Zariya

Ɗan'uwa, kada ka gwada. Gaskiya ne Yoshinori Ohsumi ya samu Nobel a 2016, amma a kan gano yadda ƙwayar halitta take narkar da sassanta da suka lalace ta sake amfani da su, kuma a kan yis, irin na kumbura burodi, ya yi gwaje-gwajensa. Bai ce azumi yana maganin cutar kansa ba. Kwana uku ba ruwa a zafin ƙasarmu hanya ce ta lalata ƙoda: jini yana kauri, hawan jini ya faɗi, gishirin jiki ya rikice har bugun zuciya ya sauya. Wanda kuma ya yi kwana biyar ko fiye ba abinci, komawa ci da yawa lokaci guda yana iya kashe shi, domin sinadaran fosfet da fotasiyam suna zubewa daga jini farat ɗaya. Mai cutar kansa da ya bar maganin asibiti saboda wannan magana lokaci yake ɓatawa, jikinsa kuma yana ƙara rauni.

Addini ma ya hana. Annabi (SAW) ya hana wisali, wato haɗa kwanaki ba buɗa baki, da sahabbai suka ce ai kai kana yi, ya ce shi ba kamar su ba ne, Ubangijinsa yana ciyar da shi yana shayar da shi. Abdullahi ɗan Amr da ya so ya yi ta azumi kullum, iyakar da aka ba shi ita ce ta Annabi Dawuda, yau a yi gobe a huta, aka kuma gaya masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Ni birkila ne. Ciwon kai da ƙishirwa suna wahalar da ni, ga kuma olsa. — Mai karatu, Maiduguri

Malam, sannu da ƙoƙari. Ruwan da za ka sha tsakanin magariba da sahur ya kai leda biyar zuwa shida na fiya wata, mai aiki a rana ma ya fi haka, amma a rarrabe: ɗaya da shan ruwa, ɗaya bayan magariba, biyu bayan asham, sauran da sahur. Wanda ya ɗura leda huɗu lokaci guda da asuba, fitsarar da su zai yi kafin hantsi. Kankana da gurji suna taimakawa, yaji, gishiri mai yawa da shayi mai kauri da sahur suna ƙara ƙishi. Launin fitsari shi ne ma'auninka, in ya yi ja kamar shayi ruwa bai isa ba. Ciwon kan kwanakin farko sau da yawa na rashin shayi, kofi ko goro ne, a fara rage su mako biyu kafin azumi. Ka roƙi mai aiki a fara da sassafe a tashi kafin azahar. Idan jiri ya kama ka, ko ka daina gumi, ko kanka ya ruɗe, ka shiga inuwa ka sha ruwa, ka rama daga baya. Haɗin ruwan gishiri da sukari na gida shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Olsa kuwa ba yunwa ce ke kawo ta ba, yunwa tayar da ita take yi. Asalinta galibi ƙwayar cutar H. pylori ce, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu aikin ƙarfi suke sha kamar gyaɗa. Ka bar su, ka tsaya a paracetamol. Ka yi gwajin ƙwayar cutar kafin Ramadan, maganinta na kimanin mako biyu ne kuma sai an shanye shi duka. Idan an rubuta maka omeprazole, ka sha shi rabin awa kafin ka ci sahur. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, ko ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya har ciki ya sandare, waɗannan ba na jiran magariba ba ne, asibiti za a wuce kai tsaye.